Yadda ake zaɓen kwalbar ruwan inabi mai kumfa don kyauta ba tare da an zubar da kuɗi ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sana'ar haɗa kwandunan kyauta a Kaduna: na barka da Sallah, na gaisuwar surukai, na mai jego, na wanda ya sauko daga aikin Hajji, da na ƙarshen shekara da ofisoshi ke rabawa. A duk kayan da nake jerawa a kwando, babu wanda nake tsayawa in natsu a kansa kamar doguwar kwalbar nan mai wuyan gwal, wadda wasu ke ce wa wayin, wasu shamfen, ni kuwa nake kiranta ruwan inabi mai kumfa. A kanta ido ke fara sauka idan an dire kwando a tsakar falo. Ita ce kuma, in aka kuskure, take mayar da alheri abin kunya.

A shekarata ta biyu a sana'ar, wata baiwar Allah ta sa na haɗa mata kwando za ta kai wa surukinta da ya dawo daga Makka. Na shiga wani babban kanti, na ga kwalba mai ruwan hoda da hoton inabi a jikinta, kuɗinta daidai aljihu, na ɗauka. Allah ne ya rufa asiri, mijinta ya juya bayan kwalbar kafin su fita gida, ya ga an rubuta 7.5%. Giya ce. Har yau in na tuna da muryar matar nan a waya sai gabana ya faɗi. Tun daga ranar ban sake sayen kwalba don kyan fuskarta ba, bayanta nake karantawa. Abin da zan koya miki ke nan, 'yar uwa, kuma maza masu sayen irin wannan tsaraba su ma su karanta.

Abin da za ki tanada

Kuɗin da kika yanke, a ware su daban da kuɗin cefane. Waya mai tocila da kyamara, don rubutun bayan kwalba ƙanana ne, sai kin ɗauki hoto kin buɗa shi kafin ki iya karanta wasu. Tabarau, in kina amfani da shi. Farin hankici ko tishu. Jaka mai ƙarfin gindi, ko katan mai rabe-rabe idan kwalaben sun fi biyu, da tsohuwar jarida ta naɗewa. Na ado kuma: jakar takarda doguwa ko ƙaramin kwandon kaba, takardar naɗi mai laushi, ribon, almakashi, da ɗan kati na rubuta gaisuwa.

Kwalabe iri uku ne, kamanninsu ɗaya

Wannan kaɗai ne karatun da kike bukata kafin ki fita.

Iri na farko ruwan 'ya'yan itace ne zalla, inabi ko tuffa, da aka dumama don kashe ƙwayoyin da ke sa shi tsami ya zama giya, sannan aka ɗura masa iskar gas kamar yadda ake yi wa lemon kwalba. Bai taɓa zama giya ba. Dabarar dumama ruwan inabi ta daɗe: a 1869 wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya yi ta don cocinsu ta samu ruwan inabin da ba ya sa maye, kuma sunansa ne har yau a kan kwalaben Welch's. Irin wannan ne muke nema.

Iri na biyu giya ce da aka gama haɗawa, sannan aka zare barasar da na'ura. Yawanci akan bar ɗan ragowa, abin da bai wuce 0.5% ba.

Iri na uku giya ce cikakkiya mai kumfa, barasarta daga kashi 5 zuwa 12 da ɗoriya cikin ɗari.

Duka ukun kwalbarsu mai kauri ce, wuyansu a naɗe da takarda mai ƙyalli, bakinsu a ɗaure da waya. A garuruwa irin Kaduna, Jos, Abuja da Yamai, kanti ɗaya kan jera su kusa da juna, wani lokaci a layi ɗaya.

1. Fara da wanda za a ba

Kafin ki tambayi farashi, tambayi kanki gidan wa za ta shiga. Akwai gidajen da ko da an rantse musu babu komai a ciki, siffar kwalbar kaɗai ba sa so, musamman gidan malamai da wasu dattawa. Irin waɗannan kada ki tilasta, ki kai zuma ko dabino mai kyau. Ni dai ban taɓa saka wa malamin da ya karantar da 'ya'yana irin wannan kwalba ba, kuma ban ga na rasa komai ba.

Idan mai ciwon suga ne, a bari gaba ɗaya, zan faɗi dalili a mataki na biyar. Idan maƙwabcinki ne Kirista za ki yi wa barka da Kirsimeti, kada ki ɗauka cewa kowace iri ta yi masa. Da yawa daga cikin Kiristocin Arewa ba sa shan giya ko kaɗan, marar barasar nan ita ce ke faranta wa kowa rai, har yara su samu.

Sai yawan mutanen gidan. Kwalba ɗaya mililita 750 ce, wadda ake rubutawa 75cl, kuma tana cika ƙananan kofuna shida ne kacal. Ga amarya da ango, ɗaya ta isa. Ga gidan gandu mai mata da yara da jikoki, kwalba ɗaya rigima za ta jawo, a kai biyu ko uku.

2. Yanke kuɗi, ki tsaya a tsakiya

Ba zan rubuta farashi ba, don abin da na saya da shi watan jiya ba shi ne na yau ba. Yawancin kwalaben nan daga waje suke zuwa, dala na motsawa suna motsawa. Ga dai yadda nake yi: in na tsaya gaban kanta, sai in cire mafi araha duka, in cire mafi tsada duka, in yi zaɓi a cikin na tsakiya.

Mafi arahar, galibi ruwa ne da sukari da kala da ƙamshi aka sa wa rigar sarauta. Araha ba ta ado. Mafi tsadar kuwa, sau da yawa kuɗin jirgi da kwastan da akwatin kwali kike biya, ba abin da ke ciki ba. Akwai kuma wani abu da ya kamata ki lura: kwalbar da tsadarta ta yi wa sauran nisa sosai, ki zarge ta, don galibi irin na biyu da na uku sun fi ruwan 'ya'yan itace tsada.

Ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin don jaka da ribon da kati. Kwalba matsakaiciya da aka naɗe da kyau ta fi mai tsada da aka miƙa a baƙar leda.

Sunayen da za ki fi cin karo da su a kasuwanninmu su ne Eva, wadda ake yi a Sifaniya, da Veleta ta nan Najeriya, da Pure Heaven, da Chamdor ta Afirka ta Kudu, sai Welch's a manyan kantuna. A inda kayan Faransa ke shiga akan ga Champomy, wadda ta tuffa ce. Sanin suna taimako ne, amma ba ya ɗauke miki karatun da ke tafe.

3. Inda za ki saya

Zafi da hasken rana su ne abokan gaban wannan kaya. Kwalbar da ta yini a kan tebur a bakin titi, ko a bayan gilashin shago rana na dukanta, ɗanɗanonta ya riga ya canza ko da kwanan watanta bai ƙare ba. Nemi shagon da ke ajiye ta a inuwa, kuma wanda kayansa ke tafiya. Ƙura a kafaɗar kwalba alama ce ta daɗewa.

Idan katan za ki saya don biki ko walima, manyan 'yan sari irin na kasuwar Singa a Kano ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a Kaduna sun fi sauƙi, amma ki sa a buɗe katan ɗin a gabanki, ki ciro ta tsakiya ki duba, ba ta gefe kaɗai ba. Ki karɓi rasit.

Jabu gaskiya ne, ba zancen tsoratarwa ba. A watan Disamba na 2023 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta rufe shaguna sama da 240 a kasuwar Cemetery da ke Aba, inda ake ɗura abin sha na bogi a tsofaffin kwalabe. Lokutan bukukuwa ne irin wannan kaya ke cika gari. Duk wanda ya tare ki a cunkoson motoci da kwalba rabin kuɗinta, ki ce masa Allah ya ba da kasuwa, ki wuce.

4. Binciken barasa

Nan ne zuciyar aikin, kada ki yi sauri.

Juya kwalbar. Nemi lamba mai alamar % da ke tare da kalmar vol, ko alc, ko ABV. Takan ɓuya a ƙasan takardar gaba ko a gefen ta baya, kusa da inda aka rubuta 75cl. Idan kin ga 5.5, ko 7.5, ko 11, ko 12, mayar da ita. Idan kin ga 0.5% ko an sa alamar ƙasa da 0.5%, kusan tabbas iri na biyu ce. Abin da kike so shi ne 0.0%, ko kuma babu lambar gaba ɗaya amma an rubuta ƙarara cewa ruwan inabi ne, wato grape juice, ko jus de raisin da Faransanci, ko an kira ta fruit drink.

Akwai kalmomin da ganinsu kaɗai ya isa ki janye hannu. Champagne suna ne da doka ta keɓe wa giyar da ake yi a wani yanki na arewa maso gabashin Faransa, wajen biranen Reims da Épernay. Prosecco ta arewa maso gabashin Italiya ce, Asti ma ta Italiya. Cava ta Sifaniya ce, galibi daga yankin Kataloniya. Crémant ta wasu yankunan Faransa ce, Sekt ta Jamus, Cap Classique ta Afirka ta Kudu. Duk giya ne. Haka André da ake yawan gani a shagunan Najeriya, yana da barasa. Asti da Moscato su suka fi yaudarar mutane, saboda suna da zaƙi, barasarsu kaɗan ce, kwalbarsu kuma ta yi kama da ta lemo, har mai shago ya ce miki ai wannan ta mata ce, ba ta bugarwa. Kada ki yarda.

Wata kalmar da ta rikita wata ƙawata ita ce Brut. Ma'anarta sukari kaɗan ne, ƙasa da giram 12 a lita. Akwai Brut Nature, da Brut Zéro, da Dosage Zéro, duk suna nufin ba a ƙara sukari ba. Sifilin nan na sukari ne, ba na barasa ba. Haka Dry da Demi-sec, zancen zaƙi suke yi kawai.

Yanzu iri na biyu. Za ki ga an rubuta dealcoholised, ko alcohol removed, ko désalcoolisé. Wannan ita ce giyar da aka zare wa barasa. Ko da an rubuta 0.0% a gaba, asalinta giya ce. Malamai da yawa ba su yarda da ita ba saboda wannan asalin, kuma hukumar halal ta Malesiya ba ta ba irinta shaida. Ni ba malama ba ce, abin da nake yi shi ne ba na saka ta a kwandon Musulmi, don kyauta ba wurin jefa mutum cikin shakka ba ce. Mai son ƙarin bayani ya tambayi malaminsa.

Kada kuma ki dogara da rubutun non-alcoholic shi kaɗai, don dokokin ƙasashe sun bambanta. A Amurka ana iya rubuta shi a kan abin da bai kai 0.5% ba. A Faransa kuwa, abin sha na iya shiga rukunin sans alcool, wato marar barasa, muddin barasarsa ba ta wuce 1.2% ba, abin da ya kamata 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi su riƙe, tun da kayan can na isa gare su.

Kuskure na ƙarshe a nan: kamfani ɗaya kan yi iri biyu da suna ɗaya. J.C. Le Roux na Afirka ta Kudu, misali, yana da mai barasa da marar barasa, kwalabensu kamar Hassan da Husaini. Don kin taɓa sayen wani suna lafiya, ba shi ke nuna wadda ke hannunki yau irinta ce ba. Kowace kwalba a karanta ta, ko da goma za ki ɗauka, don yaran shago kan cakuɗa su wajen jerawa.

5. Karanta kayan haɗi

Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Idan abu na farko ruwan inabi ne, ko ruwan inabin da aka kafe aka sake tsinkawa, kin samu mai kyau. Idan ruwa ne na farko, sukari na biyu, inabi can a ƙarshe da kashi 10 ko ƙasa, to lemo ne a doguwar kwalba. Ba haram ba ne, yara ma sun fi sonsa, amma kada ki biya kuɗin inabi a kansa. Ga kwalabe biyu masu farashi ɗaya, ɗauki wadda kason ruwan 'ya'yan itacenta ya fi yawa.

Sukari fa yana da yawa ko a mai kyaun. Ruwan inabi zalla na ɗauke da kusan giram 15 a kowace mililita 100, ya fi lemon kwalba na yau da kullum da ke da 10 zuwa 11. A kwalba guda, abin ya haura giram 100, sama da ƙaramin cokali ashirin da biyar. Rubutun cewa ba a ƙara sukari ba bai canza wannan ba, na inabin kansa ne. Shi ya sa na ce a tsallake mai ciwon suga.

Duba kalmar sulphites, ko lambobi daga E220 zuwa E228. Sinadarin adana abinci ne, yana tayar wa wasu masu asma ciwo. A masu ruwan hoda da ja, duba E120, kala ce da ake samu daga wani ɗan ƙwaro, kuma malamai sun saɓa a kanta. Wasu kamfanonin kan tace ruwan 'ya'yan itace da jelatin, sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, wanda ba lallai a rubuta shi ba. Idan kwalba na da tambarin halal, ko alamar cewa babu komai na dabba a cikinta, wannan damuwar ta kau.

6. Kwanan wata da lambar hukuma

A Najeriya nemi lambar NAFDAC, da sunan wanda ya yi kayan ko ya shigo da shi tare da adireshinsa. A Gana hukumar FDA ce. Kwanan watan ƙarewa yakan kasance a takardar baya, ko a wuya, ko an buga shi a jikin gilashin, nan ne tocilar waya ke amfani. Ki bar wa mai kyautar aƙalla wata shida, don mutane da yawa adanawa suke yi sai wani baƙo ya zo. Kayan Amurka wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka 03/10 a wurinsu 10 ga Maris ne. Idan kin ga an manna wata 'yar takarda a kan kwanan watan, ko wurin ya yi alamar gogewa, ajiye ta.

7. Duba jikin kwalbar

Ɗauko biyu iri ɗaya ki jera. Tsayin ruwan a wuya ya zama ɗaya, wadda ta yi ƙasa ta yi yoyo ko an sake cika ta. Haska tocila ta baya: ruwan ya zama garau, babu gurɓata, babu abin da ke yawo, babu laka a gindi. Ruwan inabi marar barasa da ya gurɓace yana iya zama ya fara tsami, kuma tsamin nan shi ne hanyar zama giya.

Shafa farin hankici a wuya da kafaɗa. Danƙo ko tabo alama ce ta yoyo. Takardar wuya ta kwanta lif, ba yagewa, ba alamar an warware an mayar. Taɓa wayar da ta ɗaure bakin kwalbar ta cikin takardar, ki ji ta ɗaure tam. Rubutun jiki ya fito tas, ba dishi-dishi ba, ba kuskuren haruffa, takardar kuma ba a karkace ba, ba gam yana leƙowa ta gefe.

Kada ki girgiza kwalba don ki ga kumfa. Ba abin da za ki gane, sai dai ki ƙara mata ƙarfi a ciki.

8. Ja, fara, ko ta tuffa

Jar ta fi zaƙi da nauyi a baki, ita ce mutanenmu suka fi sabawa da ita, tana kuma tafiya da naman Sallah, tsire, dambun nama da soyayyar kaza. Idan ban san mutum sosai ba, ja nake kaiwa. Farar ta fi sauƙi, ta dace da kifi, cincin, kek da alkaki, kuma ba ta ɓata farin leshi ko shadda in ta zube, abin da ke sa nake zaɓenta don wajen kamu da walima. Ta tuffa tana da ɗan tsami-tsami, ta fi dacewa da wanda ba ya son zaƙi da yawa. Mai ruwan hoda ado ce ta amare, sai dai ita ce aka fi zuba wa kala, a karanta ta da kyau.

Idan sunan baƙo ne a wurinki kuma da yawa za ki saya, sayi ɗaya tukuna ki kai gida, a sanyaya, ku sha da iyali. Kumfar ta daɗe tana tasowa ƙanana-ƙanana, ƙamshin ya zama na inabi, ba na alewa ba, kuma kada ta bar ɗaci irin na magani a maƙogwaro. Kuɗin wannan kwalba ɗaya bai taɓa zama asara a wurina ba.

9. Daga shago zuwa gida

Naɗe kowace da jarida, a tsaye, kada su riƙa karo da juna. Kada ki bar su a but ɗin mota ki shiga wata hidima, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ki sa su ƙasan kujera inda rana ba ta kaiwa. A kan babur ko Keke Napep, riƙe jakar a cinya. A gida, ajiye su a tsaye a wuri mai duhu da sanyi, nesa da kicin da taga. Ba sai an sa a firji ba in ba ranar za a sha ba.

10. Naɗewa

Ɓare takardar farashi. In ta bar danƙo, ɗigon man gyaɗa a tishu zai cire shi, sai ki goge da busasshen ƙyalle. Goge kwalbar duka ta yi sheƙi.

Hanya mafi sauƙi ita ce doguwar jakar takarda, a cusa takardar naɗi a gindi don kada ta yi rawa, a ɗaura ribon a wuya. In babu jakar, yadi rabi na atamfa mai kyau ya wadatar: tsayar da kwalbar a tsakiya, tattaro gefuna zuwa wuya, ɗaure da ribon, ki baza bakin kamar fure. Wannan ya fi burge mutane fiye da jakar kanti, kuma ƙyallen zai yi wani amfani. In kwando ne, kwalba a baya, gajerun kaya a gaba: dabino, cincin, yajin daddawa ga mai jego, ko kofunan gilashi biyu ga amarya.

Abu ɗaya da nake roƙonki: kada ki rufe takardar baya da sitika ko ado. Mai karɓa yana da haƙƙin ya karanta da idonsa. A katin ma nakan ƙara layi ɗaya, cewa ruwan inabi ne zalla, babu barasa. Wannan layin ya sha sauke wa mutane nauyin tambayar da suke jin kunyar yi.

Idan ba a samu mai kyau ba

A ƙananan garuruwa wani lokaci abin da ke shago bai wuce iri ɗaya ba, shi ma ya sha rana. Kada ki saya don dole. Ruwan 'ya'yan itace na kwali mai kyau guda biyu, ko kwalbar zuma, ko dabino, duk sun fi. In kuma baƙi za ki tara a gidanki kina son mai kumfa, haɗa ruwan inabi na kwali kashi biyu da ruwan soda mai sanyi kashi ɗaya a jug, a sha nan take. Zoɓo mai kauri ma yana karɓar soda sosai. Amma kada ki ɗura haɗin gida a tsohuwar kwalba ki toshe don ki bayar. Ruwa mai zaƙi da aka toshe a zafinmu zai yi tsami cikin 'yan kwanaki, ya fara zama giya, kwalbar ma tana iya fashewa.

11. Miƙawa da buɗewa

Idan a wurin za a sha, kai ta da sanyinta. Awa uku a firji ya isa. In babu wuta, cika bokiti da ƙanƙara da ruwa rabi da rabi, zuba gishiri tafi ɗaya, nutsa kwalbar har wuya, minti 20 zuwa 30 ta yi. Ƙanƙara ita kaɗai ba ruwa ba ta sanyayawa da sauri. Kada a manta da ita a firiza, in ta daskare tana iya tsagewa.

Yawancin gidajen da nake kai kaya, matasa ne ke karɓar kwalba su girgiza don a ji ƙara. Ki hana su cikin lalama. Iskar da ke cikin shamfen na gaske ta ninka ta tayar mota sau biyu zuwa uku. Tamu galibi ba ta kai haka ba, amma in ta ɗumama kuma aka girgiza, toshiyar kan fita da ƙarfin da zai iya raunata ido, kuma rabin abin da kika biya ya ƙare a kan kafet.

Ga yadda ake yi. Ɓare takardar wuya. Ɗora babban yatsa a kan toshiyar, kada ki ɗaga shi har a gama. Karkata kwalbar, bakinta na kallon bango, ba mutum ba, ba fitila ba, ba talabijin ba. Warware wayar, murɗa shida takan sake ta. Rufa hankici a kan toshiyar ki riƙe da ƙarfi, sannan ki juya kwalbar ta gindi a hankali, ba toshiyar ba. Za ki ji tana turo hannunki, ki tare ta, ki bar iskar ta fita da ɗan huci. Ki bar kwalbar a karkace na ɗan lokaci kafin ki miƙe ta, kumfar ba za ta yi ambaliya ba. Wajen zubawa, karkata kofi, zuba kaɗan, jira kumfa ta kwanta, sannan ki ƙara.

Abin da ya rage a toshe shi da marfi mai kamawa a sa a firji, a shanye cikin kwana ɗaya ko biyu. Cokalin da wasu ke sakawa a bakin kwalba ba ya riƙe iska. In babu firji kuwa, a raba wa yara a shanye a ranar, kada a kwana da ita a buɗe.